Sikawut: Malam, Sa Hannunka a Aljihu

Tun daga turke na biyu na san tantin nan ba zai tsaya ba. Yara shida ne a kansa, kowa na jan igiyarsa yana yi wa ɗan'uwansa ihu. Shugabansu, wanda bai wuce shekara goma sha uku ba, sai zagaye yake yi da guduma a hannu, ya rasa wanda zai fara saurara. Ga shi sun juya ƙofar tantin ta fuskanci inda iska ke kaɗowa. Na ɗaga ƙafa ke nan zan nufe su, sai dattijon da na koyi aikin nan a hannunsa ya riƙo gefen rigata.

"Ina zuwa?"

"Malam, ai faɗuwa zai yi."

"Da mutum a ciki?"

"A'a, Malam."

"To, sa hannunka a aljihu."

Ya kuwa zube warwas. Aka yi dariya, aka yi 'yar gardama, har wani ya yi fushi ya koma gefe ya zauna. Can sai ƙaramin cikinsu, wanda tun ɗazu ba wanda ya kula shi, ya ce a shimfiɗa shi ƙasa tukuna, a kafe kusurwoyi huɗu kafin a ɗaga sanda. Sai da suka ci kusan awa ɗaya a kan aikin da zan gama musu cikin minti goma. Amma da iska ta taso cikin dare, na hango shugaban nasu ya fito da tocila shi kaɗai, yana bin igiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙara ɗaure su. Ba wanda ya aike shi. Tantinsa ne.

Daga wannan rana zuwa yau na zauna a tarurruka ba adadi na neman gyaran harkar sikawut, wato ƙungiyar da ke tarbiyyar yara ta hanyar fita zango da aikin hannu, kuma kusan kullum shawarwarin iri ɗaya ne: a nemo kuɗi, a sabunta littafin shirye-shirye, a shigo da kwamfuta don a burge yaran zamani, a sake fasalin yunifom. Ba na ƙin ko ɗaya daga ciki. Sai dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya fi raunana ƙungiyoyin sikawut shi ne manya sun karɓe aikin yara, sannan suka dawo suna mamakin yadda yaran ke gajiya suna zamewa. Babba ne ke tsara shekara, shi ke raba aiki, shi ke hura wuta idan ta ƙi kamawa, shi ke busa usur kowa ya jeru. Yaro ya baro aji da rana, da yamma ya tarar da wani ajin, illa dai malamin wannan yana ɗaure da kyalle a wuya.

Abin haushin kuma shi ne ba haka aka faro ba. Robert Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, sojan Birtaniya da ya yi suna bayan ƙawanyar kwana 217 da aka yi wa garin Mafeking na Afirka ta Kudu tsakanin 1899 da 1900, ya kwashi yara kimanin ashirin a watan Agustan 1907 zuwa tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila. Wasu 'ya'yan masu hali ne, wasu 'ya'yan talakawa. Abu na farko da ya yi shi ne raba su rukuni huɗu, kowane da sunan dabba ko tsuntsu, kowane da yaro guda da aka ɗora wa alhakin sauran. Da littafinsa Scouting for Boys ya fara fitowa kashi-kashi a 1908, yara ne da kansu suka riƙa haɗuwa suna kafa rukuni, daga baya su tafi neman babban da zai tsaya musu. 'Yan mata ma ba wanda ya gayyace su: a gangamin Crystal Palace na Landan a 1909 suka bayyana suka ce su ma sikawut ne, abin da ya kai ga kafa musu tasu ƙungiyar a 1910 ƙarƙashin 'yar'uwarsa Agnes. Yara ne suka riga manya zuwa wannan harka.

Har gobe a takarda haka abin yake. Ƙungiyar sikawut ta duniya, mai mambobi sama da miliyan 50 a ƙasashe fiye da 170, ta jera ginshiƙai takwas na tsarin tarbiyyarta, akwai koyo ta hanyar aikatawa, akwai aiki cikin ƙananan rukunoni, akwai zama a cikin daji, akwai hidimar al'umma da aka ƙara a taron ƙungiyar na 2017 a birnin Baku na Azerbaijan. Da aka zo kan rawar manya, kalmar da aka zaɓa ita ce tallafi. Mai tallafi kuwa a baya yake tsayawa.

To me ke sa babba mai kyakkyawar niyya ya wuce gaba? Da farko dai sauri. Taron mako awa biyu ne, in aka bar yara su tsara, rabin lokacin a musu zai ƙare. Sai kuma idon iyaye. Uban da ya leƙo ya ga yara sun jeru tsaf suna buga ƙafa zai koma gida yana yabo. Wanda ya tarar da su cikin hayaƙi suna gardamar wanda ya jiƙa ashana zai ce ba a koya musu komai. Shi ya sa fareti ya cinye ƙungiyoyi da yawa, har wasu ba su da aiki sai jiran ranar biki a kira su tarbar manyan baƙi. Shi kansa Baden-Powell, duk da cewa janar ne, ya sha jan kunnen shugabanni a kan yawan atisayen soja, don yana ganin yakan dakushe tunanin yaro. Akwai kuma dalilin da ba mu cika faɗa ba: daɗi. Akwai daɗi mutum ya zama shi ne wanda ya san komai, yara talatin na kallon bakinsa. Ni ma na ɗanɗani wannan, ba zan yi wa kowa ƙarya ba.

Kusan kowace ƙungiya za ta ce maka tana da rukunoni. Ka tambayi yadda aka kafa su, sai ka ji malam ne ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu ranar da za a yi wasa, mako mai zuwa kuma a sake ƙirgawa. Wannan layi ne kawai. Rukuni na gaskiya yara shida ne zuwa takwas da ke tare wata da watanni, da dama daga cikinsu abokai ne tun daga waje, su suka zaɓi shugabansu, suna da akwatin kayansu da suke tsarewa: igiya, gatari, tukunya, fitila, kayan agajin farko. In gatarinsu ya dakushe, su zai dama a zango na gaba, ba za a ara musu na wasu ba. Idan ana gudun a bar wani yaro ba wanda ya zaɓe shi, ana iya cewa kowa ya rubuta sunan mutum biyu da yake son zama da su a ɓoye, babba ya haɗa lissafin yadda kowa zai sami aƙalla ɗaya. Wannan irin aikin ne na babba, kuma yara ba su ma san an yi shi ba.

Zuciyar tsarin ita ce majalisar shugabannin rukuni, inda yaran da aka zaɓa ke zama su tsara abin da za a yi. Ga yadda takan kasance. An zauna tsara watanni uku masu zuwa. Malam yana da nasa shirin a zuci, taswira da kamfas, domin ya lura sun yi rauni a nan. Sai wata yarinya ta ce su dai kwalekwale suke son haɗawa da jarkoki da gora, su ga ko zai ɗauke su a kan ruwa. Kowa ya ɗauka da murna. A nan ake gane shugaba. Wani zai ce, "Madalla, za mu duba," daga nan maganar ta mutu, yara kuma ba wawaye ba ne, sau biyu za a yi musu haka su daina kawo shawara. Wani kuwa tambaya zai shiga jerowa: su wa suka iya iyo a cikinku? Jarka nawa za ta ɗauki mutum shida? Wane ƙulli ne ba ya kwancewa in ya jiƙe? A wane ruwa za a gwada, zurfinsa nawa? Kafin a tashi, yaran da kansu sun ɗora wa kansu makonni huɗu na koyon ɗaurin itace da biyu na koyon ceto a ruwa, abubuwan da in malam ne ya rubuta su a allo da hamma za a yi ta yi.

Ikon hanawa yana nan a hannun babba, amma a wurare ƙalilan: abin da zai jefa rai cikin haɗari, abin da ya saɓa doka, abin da ya fi ƙarfin asusu. Kuma in ya hana, ya faɗi dalili a gabansu. Wanda ke son sanin ko ƙungiya na bin wannan tsari, kada ya tambayi malam. Ya ja ƙaramin yaro gefe ya ce, me za ku yi mako mai zuwa, kuma wa ya yanke?

Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Ka ba ɗan shekara goma sha huɗu iko a kan ƙannensa ba tare da shiri ba, wani lokaci ƙaramin fir'auna za ka samu, ya kwanta a inuwa yana aiken na ƙasa ɗebo ruwa. Wani kuma kunya za ta hana shi buɗe baki. Maganin ba karɓe ikon ba ne. A ware wa shugabannin rukuni nasu zaman, ko da kwana biyu ne a shekara, babba ya zama shugaban rukuninsu su ga yadda ake yi: yadda ake raba aiki har mai rabon ya ɗauki mafi wahala, yadda ake tsawatar wa mutum ba a gaban jama'a ba. A kuma sa wa'adi, wata shida ko shekara, a sake zaɓe. Yaran da suka taɓa zaɓen mai surutu suka kwana da yunwa a zango, ba sai an yi musu lacca a kan zaɓe na gaba ba. Jiki magayi.

Wannan ya kawo mu ga ramin da kusan kowace ƙasa ke faɗawa, wato zubewar manyan yara. Ƙanana na tururuwa, amma daga shekara goma sha uku zuwa sha biyar sai a ga layi yana sirancewa. Akan ɗora laifin a kan jarrabawa da wayar salula da ƙwallo, kuma suna da nasu kason. Amma ka dubi abin da ake ba ɗan shekara goma sha biyar. Kowace shekara sababbi na shigowa, sai a koma farko, ƙullin nan dai da ya iya tun yana sha ɗaya, filin zangon nan dai da ya san kowane dutse a cikinsa. In ya daure ya tsaya, sai a mai da shi ɗan aiken malam, mai tsare ƙanana. A Birtaniya an raba matakan shekaru daki-daki, akwai na 14 zuwa 18 daban, a 2021 kuma aka buɗe sabon mataki na 'yan shekara huɗu zuwa shida. Faɗaɗawa ta ƙasa abu ne mai sauƙi, domin iyaye ne ke kawo ɗan shekara biyar. Ɗan sha shida da ƙafarsa yake zuwa, da ƙafarsa yake tafiya. Abin da ke riƙe shi abu ne da zai ji tsoronsa kaɗan: tafiyar kwana uku da su suka zana hanyarta, aikin gayya da suka gano buƙatarsa da kansu suka nemi izini suka riƙe kuɗinsa, ko sana'ar hannu da za su koya wurin gwani na gaske. Koyar da ƙanana yana da kyau, amma kada ya zama shi ke nan abin da ya rage masa.

Batun bajo ba zan daɗe a kansa ba. An ƙirƙiro shi ne don ya zama shaidar cewa yaro ya iya abu, a wurare da yawa kuwa ya koma shaidar cewa ya halarta. A tara yara arba'in a zaure, a yi musu bayanin agajin farko na awa biyu, kowa ya fita da bajo a hannun riga. Ranar da wani ya yanke da gatari, masu bajo goma na tsaye suna kallon jini. Gara bajo uku da aka gwada yaro a kansu da hannunsa, a fili, ba tare da an sanar da shi ranar ba, da goma sha biyar na zaman zaure. Iyaye ma su rage matsa lamba; riga ce ta yaro, ba allon sanarwa ba.

Yanzu ga su manyan. Duk abin da na faɗa yana iya sa a zaci ina ganin manya sun yi yawa. Akasin haka ne, ƙarancinsu ne ma ke hana ƙungiyoyi girma. A Birtaniya dubun-dubatar yara ne ke jerin jira saboda babu isassun 'yan sa-kai. Yawancin ƙungiyoyi a wuyan mutum ɗaya suke rataye. Shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne direba, a ɗakinsa ake ajiye tantuna. Shekara goma yana haka, ran da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya gaji, ƙungiya ta bi shi. Kuma irin wannan gwarzon, ba da saninsa ba, shi ke korar masu son taimakawa, don duk wanda ya kalle shi zai ce ni ba zan iya wannan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A daina neman wanda zai ba da ransa gaba ɗaya, a yanka aikin ƙanana: wannan lissafin kuɗi kawai za ta riƙe, awa biyu a wata, wancan gyaran tantuna, ma'aikaciyar jinya ta zo sau uku a shekara, kafinta ya zo sau ɗaya. Kuma a roƙi mutum kai tsaye, da sunansa, a gaya masa ranar da aikin zai ƙare. Sanarwar "muna neman masu taimako" ba ta taɓa kawo kowa ba. Kowane shugaba kuma ya kasance yana da wanda yake rainon ya gaje shi tun daga shekararsa ta farko.

Horon da ake ba su ma yana son dubawa. Lokacin da aka yi kwas na farko na shugabanni a Gilwell Park kusa da Landan a 1919, raba manyan aka yi rukuni-rukuni, suka kwana a tanti, suka yi girkinsu, suka ɗanɗani abin da yaro ke ji a ƙarƙashin shugaba ɗan'uwansa. Yau da yawa daga cikin horon ya koma zaman kujera da kallon allo, ko latsa kwamfuta har a kai shafin ƙarshe. Dokoki da ƙa'idoji ana iya koyonsu haka. Amma yin shiru alhali ka san amsa, wannan sai a fili, kusa da wanda ya iya, kamar yadda aka riƙe mini riga.

Nan ne maganar ke yin nauyi, domin duk mai cewa a sakar wa yara mara dole ya amsa tambayar uwa: wa zai kula mini da ɗana? Tambayar kuwa tana da tushe mai ɗaci. A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar sikawut ta Amurka, Boy Scouts of America, ta je kotu ta ayyana karyewar arziki saboda ƙararrakin lalata da yara da suka yi mata katutu. Mutum sama da 82,000 suka fito suka ce an ci zarafinsu a cikinta suna yara, aka ƙare da asusun diyya na kusan dala biliyan biyu da rabi. Tun a 2012 kotu a jihar Oregon ta sa an fito da fayilolin sirri na tsakanin 1965 da 1985 da ƙungiyar ta ajiye a kan manyan da aka zarga. Suka nuna cewa sau da yawa an sani, sai a sallami mutum cikin ruwan sanyi ba tare da an kai wa 'yan sanda ba, don gudun ɓata suna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ƙungiyar da ke cewa mu nan irin wannan ba ya faruwa, ita ce ta fi ba ni tsoro.

Ƙa'idojin kariya sanannu ne, aiki da su ne ke wuya. Kada babba ya keɓe da yaro inda ba mai ganinsu. Kowace fita a sami aƙalla manya biyu. Makwancin manya daban, na yara daban, kuma a kula da tazarar shekaru tsakanin yaran da ke tanti ɗaya, don ba daga manya kaɗai cuta ke fitowa ba. Saƙon waya tsakanin malam da yaro ya kasance akwai uwa ko uba ko wani babba a ciki. A binciki tarihin duk mai son shiga, ko da kowa ya san shi, musamman ma in kowa ya san shi. Zargi kuma hukuma ake kai wa, ba kwamitin cikin gida ba. Ƙungiyar duniya ta amince da manufa a kan haka a 2017, amma takarda ba ta tsare kowa a zango.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne waɗannan ƙa'idoji ba sa karo da ba wa yara iko. Mai cutar da yara ya fi samun sarari a inda babba ɗaya ne wuƙa da nama, ba mai tambayarsa, yara kuma an horar da su a kan "to, Malam" kawai. Yarinyar da ta saba miƙewa a majalisa ta ce ba ta yarda da shirin malam ba, ta fi kusa da iya cewa a'a a wani wurin, ta fi kusa da iya ba da labari. Rukunin da ke tafiya tare, ci tare, kwana tare, yana da wuya a zare ɗaya daga ciki ba a sani ba. Tantin manya ya kasance inda za su ji kira, idonsu na kan komai, bakinsu da hannunsu ne kawai za su riƙe.

Kuskure iri biyu ne a wannan harka, kuma duk gyaran ya rataya a kan rarrabe su. Akwai mai araha: tanti ya faɗi, girki ya ƙone, an manta gishiri, an bi hanyar da ba ita ba an yi asarar awa guda. Wannan rabon yara ne, da shi suke koyo, hana su shi zalunci ne. Akwai kuma mai tsada, wanda ba a dawowa daga gare shi, shi kuwa nauyin manya ne ɗungurungum. Abin takaici, sau da yawa mukan juya su: mu tsoma baki a ƙullin igiya, mu yi sakaci da ruwan sha.

Duniya ta ga haka a Jambori, wato gangamin sikawut na duniya, karo na 25 da aka yi a Saemangeum na Koriya ta Kudu a watan Agustan 2023. An tara mutum sama da 40,000, yawancinsu 'yan shekara 14 zuwa 17, a wani fili da aka cike daga teku, babu itatuwan kirki, ana tsakiyar tsananin zafi. Ɗaruruwa suka kwanta ciwon zafi tun kwanakin farko, ga ƙorafin banɗaki da tsabta. Tawagar Birtaniya, wadda ta fi kowace girma, ta kwashe yaranta zuwa otal-otal a Seoul, ta Amurka ta koma wani sansanin soja, kafin guguwar Khanun ta sa a kwashe kowa daga filin. An san za a yi taron nan tun 2017. Harkar da takenta ke nan "a zauna cikin shiri", sai ga ta tana fafe gora ranar tafiya. Ba yaro ne ya zaɓi filin ba, ba yaro ne ya ƙirga banɗaki ba. Ƙungiyar da za ta fita da yara ashirin ma tambayoyin ɗaya ne: ina ruwa, ina inuwa, ina asibiti mafi kusa, wa ke da motar da za ta tashi cikin dare, wane yaro ne ke shan magani, kuma wane hali ne in an shiga za a ce a tattara a koma gida? A rubuta amsoshin kafin a tashi, a bar kwafi wurin wanda bai je ba. A wannan fagen, hannu a aljihu laifi ne.

Sai abin da muke ƙirgawa. Hedikwata na son adadi, don da shi ake zuwa wurin gwamnati da masu ba da tallafi. Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa yawan sikawut, kuma a 2014 aka wajabta shi a makarantunta, kafin ma'aikatar ilimi ta sassauta wajabcin a kan ɗalibi a 2024. Dole na cika rajista, amma alkawarin sikawut abu ne da mutum ke ɗauka da ra'ayin kansa, wanda aka tilasta wa kuwa baki kawai ya motsa. Da ni ake tambaya, da rahoton shekara na kowace ƙungiya bai wuce tambayoyi kaɗan ba: dare nawa yaranku suka kwana a waje bana? Cikin waɗanda suka shigo shekara uku da suka wuce, nawa suka rage? Cikin ayyukan bana, nawa ne yara suka kawo shawararsu? Kuma wa ya je ya tambayi waɗanda suka daina zuwa dalili? Wannan ta ƙarshen ba mai son yin ta, alhali amsar takan fito cikin jimla ɗaya. Wani zai ce kullum abu ɗaya ake yi. Wani zai yi shiru, sai daga baya ka gane takalmi ne ba shi da shi. Don haka kada yunifom ya zama ƙofa. Kyallen wuya ya isa shaida, rigunan da suka yi wa manya kaɗan a tara su a akwati ɗaya, mai buƙata ya ɗauka ba tare da an kira sunansa ba. Lissafin kuɗi kuma a manna shi inda iyaye za su gani.

Mai son gwada duk wannan ba sai ya jira umarni daga sama ba, tafiyar ƙafa ɗaya ta isa. A karon farko babba yana cikin rukuni, amma taswira na hannun yara. A karo na biyu manya biyu na biye da su daga nesa, inda suke hango su ba sa jin hirarsu. A na uku, bayan an tabbatar sun iya karanta taswira, sun san abin yi in wani ya ji ciwo, an kuma bi hanyar an duba ta tun kafin ranar, sai a sake su su kaɗai, manya su jira a wuraren da aka yi alkawari, da ruwa da waya da lokacin da in ya wuce za a bi sawu. Na taɓa zama a irin wannan mahaɗa ina duba agogo, minti ashirin da biyar suka wuce ba su iso ba, saura biyar mu tashi nema. Sai ga su sun ɓullo ta wata hanya daban, ƙura har gira, suna ta musu. Ashe a wata mararraba suka saki hanya, mai riƙe da taswira ya ƙi nuna wa kowa, sai da suka ga rafin da ya kamata ya kasance a hagunsu ya koma dama sannan suka tsaya. Muka ba su ruwa, muka duba ƙafafunsu, abokin aikina ya ce su nuna masa a taswira inda suka juya. Suka nuna. A zaman majalisa na gaba, su da kansu suka kafa dokar cewa a kowace mararraba sai mutum biyu sun duba taswira kafin a ɗaga ƙafa, suka kuma nemi a ƙara musu kilomita biyar a tafiya ta gaba.